Yadda ake sa ruwa ya fito ya bi lanƙwasasshen layi a manhajar kwaikwayo

Duk mai aikin kwaikwayon ruwa a kwamfuta, ko ba daɗe ko ba jima, za a kawo masa wannan aikin: a sa zaren ruwa ya taso daga ƙasa, ya nannaɗe kwalba sau uku, ya kai saman murfi ya watse. A ido abu ne mai sauƙi, ka zana layi ka ce wa ruwa ya bi. Amma da zarar ka danna kunnawa sai ka ga ƙwayoyin da manhaja ke wakiltar ruwan da su suna fitowa gutsi-gutsi, ko su yi tsalle su bar layin a kwanar farko, ko zaren ya yi ta ramewa har ya ɓace kafin ya kai rabin hanya. Ruwa ba ya tsami banza. Kusan duk waɗannan matsalolin tushensu ɗaya ne: faɗin wurin da ruwan ke fitowa, da gudun da aka ba shi, da ƙarfin da ke riƙe shi a kan layi, ba su yi daidai da juna ba. Abubuwa uku ne da lissafi ya ɗaure su wuri guda, ba a murɗa ɗaya a ƙyale sauran.

Zan yi bayanin da Houdini na kamfanin SideFX da ke Toronto, don a cikinsa ne ake ganin kowane mataki a fili. Amma dabarar ba ta Houdini kaɗai ba ce. RealFlow na kamfanin Next Limit da ke Madrid yana da maɓuɓɓugar Spline da kuma DSpline mai tuƙa ƙwayoyi, Blender yana da Curve Guide, Maya yana da Curve Flow. Sunayen maɓallai ne suka bambanta.

Rarrabe aiki biyu kafin komai

Fitar da ƙwayoyi daban, tuƙa su daban. Mutane da yawa suna cakuɗa su, shi ya sa suke kwana suna murɗa abin da ba shi ne ya lalace ba.

Akwai hanyoyi uku da layi ke shiga wannan aiki. Ko dai ruwan ya ɓuɓɓugo daga bakin layin kaɗai sannan wani ƙarfi ya ja shi har ƙarshe, kamar famfo da bututun da ba a gani. Ko ya fito daga dukkan tsawon layin lokaci guda, kamar labulen ruwa da ke zubowa daga gefen rufi. Ko kuma wurin fitowar ya riƙa tafiya a kan layin, yana barin ruwa a bayansa, kamar alƙalami yana rubutu. Aikin kwalba hanya ta farko yake bi. Rubuta suna da ruwa kuma ta uku. Ka yanke shawara tun yanzu, domin idan ka fitar da ruwa daga dukkan layi alhali kana tura shi gaba, sabon ruwa zai yi ta haihuwa a cikin tsohon ruwa, matsi ya hau, zaren ya kumbura ya fashe.

Mataki na ɗaya: auna komai da mita

Houdini yana ɗaukar ma'auninsa ɗaya a matsayin mita ɗaya, jan ƙasa kuma kusan mita 9.81 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Idan aka turo maka kwalba daga wata manhaja da ke aiki da santimita, tana iya shigowa da tsayin 30, wato mita 30, kamar bene mai hawa goma. Ruwan da ke kewaye irin wannan kwalba zai yi ta tafiya a hankali kamar ambaliya, kai kuma kana mamaki. Duba wannan kafin ka taɓa komai.

Ga alkaluman da za mu riƙe har ƙarshen jagorar. Kwalba mai tsayin santimita 30. Layi yana kewaye ta sau uku, yana da nisan santimita 8 daga tsakiyarta. Kewaye ɗaya kusan rabin mita ne, uku kuma da ɗan hawan sama sun kai mita 1.54. Ana son ruwa ya gama tafiyar cikin daƙiƙa 3, wato firam 72 (firam shi ne hoto ɗaya a cikin bidiyo) idan ana aiki da firam 24 a daƙiƙa. Gudun da ake buƙata ke nan kusan rabin mita a daƙiƙa. Faɗin zaren ruwan santimita 2. Rubuta waɗannan a takarda kusa da kai, za ka yi ta komawa gare su.

Mataki na biyu: gyara layin

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Layin da aka zana da hannu, musamman irin na Bezier, ɗigoginsa ba su da tazara ɗaya: a kwana suna cunkushe, a miƙe suna warwatse. Ma'aunin da layin ke ɗauke da shi daga sifili zuwa ɗaya shi ma ba ya tafiya daidai da ainihin tsawo. Idan ka dogara da shi a haka, ruwan zai riƙa jinkiri a wani wuri ya zabura a wani, ba tare da ka umarce shi ba.

Ka sa nod ɗin Resample (nod shi ne akwatin aiki ɗaya a jerin matakan Houdini) a bayan layin, ka ba shi tazara ɗaya tsakanin ɗigogi. Ni nakan sa tazarar ta kai kamar rabin rabin faɗin zaren, a nan milimita 5. A cikin wannan nod ɗin ka kunna abubuwa biyu: curveu, lambar da ke nuna inda kowane ɗigo yake daga sifili a farko zuwa ɗaya a ƙarshe, da tangentu, kibiyar da ke nuna inda layin ya dosa a wannan ɗigon. Idan layin na kusurwa-kusurwa ne, ka zaɓi a ɗauke shi a matsayin mai santsi, kada kusurwar ta zama gwiwa. Waɗannan lambobi biyu su ne linzamin aikin duka. Duk abin da kake so ya canja a kan hanya, faɗi ne ko gudu ko ƙarfin riƙo, da curveu za ka ɗaure shi.

Ka kunna nunin kibiyoyin ka kalle su da idonka. Idan suna nuna baya, ka juya layin da Reverse. Kuskure ne ƙarami amma yana cin sa'a guda.

Sai batun murɗewa, wanda bai shafi zare mai zagaye ba sosai, amma yana da muhimmanci idan ruwan shimfiɗaɗɗe ne kamar ƙyalle. Tsohuwar hanyar Frenet ta gano gefe da saman layi tana dogara ne da inda layin ya lanƙwasa. A wurin da ya miƙe sarai ba ta da abin kamawa, a wurin da ya sauya lanƙwasa daga dama zuwa hagu kuma sai ta kife gaba ɗaya. Ƙyallen ruwan sai ya murɗe a wuri guda kamar an shaƙe shi. Nod ɗin Orientation Along Curve, wanda ya zo da Houdini 18 a 2019, yana ɗauko alƙibla daga ɗigo zuwa ɗigo ba tare da wannan kifewar ba. Yi amfani da shi.

Abu na ƙarshe a kan layi: kada kwana ta fi faɗin zaren matsewa. Idan rabin faɗin kwanar bai kai ninki biyu ko uku na rabin faɗin zaren ba, ruwan da ke cikin kwana zai hau kan kansa. Ka buɗe kwanar tun a zane.

Mataki na uku: maɓuɓɓuga mai jiki

Layi ba shi da kauri, ruwa kuwa yana da jiki. A nan ne ake yawan faɗuwa, don haka zan ɗan tsaya.

Injin FLIP, wanda Brackbill da Ruppel suka fitar a 1986, Zhu da Bridson kuma suka kawo shi fagen zanen kwamfuta a 2005, yana aiki da abubuwa biyu tare. Ƙwayoyi ne ke ɗauke da ruwan daga wuri zuwa wuri, amma matsi ana lissafa shi ne a kan raga mai ƙananan akwatuna da ake kira boksel. A kowane mataki ƙwayoyi suna miƙa gudunsu ga raga, raga ta gyara shi yadda ruwa ba zai matsu ba, sannan ta mayar musu. Ma'anar wannan ita ce duk abin da ya fi boksel siranta, raga ba ta gan shi da kyau ba. Idan ka watsa ƙwayoyi a kan layin kansa, jeri ɗaya tak, injin bai san ruwa ba ne. Za su yi ta yawo kamar ƙura, ko su ɓace.

A Houdini, idan ba ka canja ba, faɗin boksel ninki biyu ne na tazarar ƙwayoyi. To duba zarenmu mai santimita 2. Da tazarar milimita 5, boksel santimita 1 ne, zaren ya zama boksel biyu kacal a faɗi, ba zai riƙe siffa ba. Da milimita 2, boksel biyar ne, ya isa gwaji. Da milimita 1, boksel goma ne, a nan ruwa ke fara kama da ruwa. Ƙa'idar da nake bi: kada in yanke hukunci a kan motsi da ƙasa da boksel huɗu ko biyar a faɗin zare, don abin da zan gani a ƙasa da haka ba shi ne zai fito a ƙarshe ba.

Yanzu ka gina jikin. Ka yanko ɗan guntun farkon layin da Carve, ka sa masa Sweep ya zama bututu mai rufaffen baki, sannan ka cika shi da ƙwayoyi ta FLIP Source, ko ta FLIP Boundary idan kana bin sabon tsarin da ya zo da Houdini 19.5 a 2022. Tsawon guntun ba a zaɓarsa da ka. Ruwa mai rabin mita a daƙiƙa yana cin kusan santimita 2.1 a kowane firam. Idan maɓuɓɓugar ta fi wannan gajarta, ruwan firam na farko zai riga ya bar wurin kafin na biyu ya fito, a samu giɓi a tsakani. Wannan ne ke jawo zaren da ke fitowa kamar an jera kwabbai. Ka sa tsawonta ya haura tafiyar firam ɗaya, santimita 3 ko 4 a nan.

Akwai lissafin da ke gaya maka ko abin na tafiya daidai. Bakin zare mai faɗin santimita 2 yana da fili kusan murabba'in santimita 3.14. Ka ninka da santimita 50 a daƙiƙa, ka samu mililita 157 a daƙiƙa. Da tazarar milimita 1, kowace mililita tana ɗaukar ƙwayoyi kusan 1,000, wato kusan 6,500 a kowane firam, zaren gaba ɗaya kuma kusan rabin miliyan. Da milimita 2, kusan 60,000 ne kawai, domin rage tazara da rabi ninka yawan ƙwayoyi takwas yake yi. Ka duba adadin da injin ke nunawa. Idan yana ƙaruwa da ninki uku na abin da lissafi ya ce, maɓuɓɓugar tana cusa ruwa a inda ruwa yake. Idan bai kai ba, wani abu na cinye shi a hanya.

Mataki na huɗu: a haife su da gudu

Ƙwayar da aka haifa a tsaye sannan aka fizge ta da ƙarfi tana jawo cunkoso a bakin maɓuɓɓuga, ruwan ya taru ya yi ƙulli. Dole ta fito tana kan gudun da sauran ke yi, ta kuma dosa inda layin ya dosa. A kan ɗigogin maɓuɓɓugar, bayan ka kwaso musu tangentu da curveu daga layi da Attribute Transfer, ka rubuta wannan a Attribute Wrangle:

v@v = normalize(v@tangentu) * chf("gudu");

Ka sa gudu a 0.5. Wannan lambar ita ce kuma za ka ba ƙarfin da ke tuƙa ruwan a mataki na gaba, shi ya sa ya fi kyau ka ajiye ta a wuri ɗaya, kowane nod ya riƙa karantowa daga can. Idan gudun haihuwa bai kai na tuƙi ba, zaren zai sirance da zarar ya fito. Dalilin a fili yake: yawan ruwan da ke wucewa bai canja ba, don haka idan gudu ya ninka, filin bakin zaren ya ragu da rabi, faɗin santimita 2 ya koma kusan 1.4. Idan kuma gudun haihuwa ya fi yawa, sai ya kumbura. Wannan ba aibi ba ne kullum. Da shi ake sirantar da zare da gangan, kuma ya fi goge ƙwayoyi kyau nesa ba kusa ba.

Ka ƙara ɗan hargitsi a gudun, kashi biyar zuwa goma cikin ɗari, ka kuma sa wurin haihuwar ƙwayoyin ya riƙa canjawa kowane firam. In ba haka ba za ka ga layuka-layuka a jikin ruwan kamar an tsefe shi da mataji. Idan da POP Source kake aiki, wato maɓuɓɓugar ƙwayoyi zalla ta Houdini, ba FLIP ba, ka kunna Jitter Birth Time don a raba haihuwar a cikin firam maimakon a yi ta duka a farkonsa.

Ga mai son maɓuɓɓugar ta yi tafiya a kan layi, kamar rubutu: ka motsa bakin Carve na farko da na biyu tare, da ɗan tazara a tsakaninsu, tazarar da ta haura abin da goshin ke ci a firam ɗaya. Da yake ka riga ka daidaita ɗigogin, tafiyar za ta zo bai ɗaya. A wannan salo gudun haihuwa yakan zama ƙarami sosai, don goshin ne ke tafiya, ba ruwan ba.

Mataki na biyar: riƙe ruwa a kan layi

Nod ɗin POP Curve Force yana yin wannan a shirye. Yana da ƙarfi uku: na tura gaba, na jawowa zuwa layi, da na kewaya layi, ga kuma iyakar nisan da ƙarfin ke kaiwa. DSpline na RealFlow ma ukun nan yake da su, har ana iya saita su a kowane ɗigon layi. Ana haɗa shi a mashigar gudun ƙwayoyi ta injin FLIP. Ka rage jan ƙasa ko ka kashe shi a wannan sashe, tun da abin da muke so ruwa ya yi ba halinsa ba ne.

Nawa ne ƙarfin jawowar da ya isa? Ba sai an yi canki-canka ba. Duk abin da ke zagaye yana buƙatar a ja shi ciki da gwargwadon gudu sau gudu, a raba da rabin faɗin zagayen. Namu: 0.5 sau 0.5 a raba da 0.08, kusan 3. Bai kai sulusin jan ƙasa ba, mai sauƙi ne.

Ga abin da ya taɓa faruwa da ni. Aiki ya yi kyau, an amince da shi, sai aka dawo aka ce tallan ya yi tsawo, a sa ruwan ya kewaye kwalbar cikin daƙiƙa ɗaya maimakon uku. Na ninka gudu uku, na ninka ƙarfin jawowa uku, na bar shi ya kwana yana lissafi. Da safe na tarar ruwan ya bi layin daidai na rabin zagaye, daga nan ya buɗe ya fesu waje kamar an girgiza jiƙaƙƙen tsumma, kwalbar na tsaye a tsakiya ba ko ɗigo a kusa da ita. Gudun ya koma mita 1.54, ƙarfin da ake buƙata ya koma kusan 30, ninki uku na jan ƙasa. Ninka gudu uku, ninka ƙarfi tara yake nema. Tun daga ranar ba na taɓa gudu sai na sake wannan ɗan lissafin.

Sai dai ƙara ƙarfin jawowa yana da nasa ciwon. Idan ka ja kowace ƙwaya zuwa tsakiyar layi, kana neman matse ruwa ne, injin kuwa an gina shi ne don ya hana hakan. Sai su shiga ja-in-ja, kai ka matse, matsi ya buɗe, saman ruwan ya yi ta kakkarwa, wani lokaci ya fashe. Maganin shi ne a bar cikin zaren ya huta. Ƙarfin jawowa ya zama sifili daga tsakiya har zuwa bakin faɗin da kake so, daga nan ya fara hawa. Ka ɗauke shi kamar bango mai laushi a kewaye da ruwan.

Ni dai na fi son in rubuta wannan da kaina, kuma in nufi gudu maimakon in zuba ƙarfi. Ƙarfi yana taruwa: ƙwaya ta nufo layi, ta wuce shi, ta dawo, ta sake wucewa, kamar lilo. Amma idan ka ce mata ga gudun da nake so ki yi, ki matso kusa da shi sannu a hankali, lilon ba ya tasowa. A POP Wrangle, da layin a mashiga ta biyu:

int prim; vector uv;
float nisa = xyzdist(1, @P, prim, uv);
vector kusa = primuv(1, "P", prim, uv);
vector gaba = primuv(1, "tangentu", prim, uv);
float ja = fit(nisa, chf("fadi"), chf("fadi") * 3, 0, 1);
vector buri = normalize(gaba) * chf("gudu") + normalize(kusa - @P) * ja * chf("komawa");
v@v = lerp(v@v, buri, min(1.0, chf("riko") * @TimeInc));

Layi na biyu yana nemo wuri mafi kusa a kan layin da nisansa. Na uku da na huɗu suna ɗauko matsayin wurin da alƙiblarsa. Na biyar shi ne bangon nan mai laushi, fadi a cikinsa rabin faɗin zare ne, 0.01. Na ƙarshe yana matsar da gudun ƙwayar zuwa wanda ake buri. Lambar riko ita ce ruhin abin. Idan ta yi yawa, ruwan zai bi layi sak amma ya mutu, ya zama kamar roba a bututu. Idan ta yi kaɗan, zai yi rai amma ya tsere a kwana. Nakan fara daga inda ya riƙu tsaf, in yi ta ragewa har ɗigo kaɗan su fara tserewa a kwanar da ta fi matsewa, in tsaya a nan. Waɗannan 'yan ɗigon masu tserewa su ne ke sa mai kallo ya yarda ruwa ne. Ninkawa da TimeInc kuwa, wato tsawon lokacin mataki ɗaya, don kada halin ruwan ya canja ne idan ka ƙara matakan lissafi daga baya.

Ɗan kewaye ma yana taimakawa, wato ruwan ya riƙa murzawa a kan kansa yana tafiya. Amma kaɗan, domin shi ma yana jefa ruwa waje.

Inda layi ya kusanci kansa

A layinmu, tsakanin zagaye da zagaye santimita 10 ne kawai. Neman wuri mafi kusa ba shi da tunani: ƙwayar da ta ɗan kauce sama da santimita 5 za ta ga zagaye na gaba ya fi kusa, ta tsallaka can, ta yanke hanya. Sai ka ga wasu siraran gadoji na ruwa tsakanin zagayen. Magani mai sauƙi shi ne kada iyakar ƙarfin ta kai rabin tazarar, a nan ƙasa da santimita 5. Idan layin ya ratsa kansa gaba ɗaya, kamar lamba 8, wannan bai isa ba. Sai kowace ƙwaya ta riƙe nata curveu daga haihuwa, a kowane mataki a ƙara mata gwargwadon tafiyar da ta yi a raba da tsawon layin, a kuma ƙi karɓar duk wani sabon matsayi da ya yi tsalle nesa da wanda take da shi. Ko ka raba layin gida-gida ka taƙaita neman ga guntun da take ciki da mai bi masa.

Mataki na shida: matakan lissafi

Sharaɗin da Courant da Friedrichs da Lewy suka kafa a 1928 yana nan yana aiki: kada abu ya tsallake boksel da yawa a mataki ɗaya. Ruwanmu na cin santimita 2.1 a firam. Da boksel na milimita 4, boksel biyar ke nan, da na milimita 2 kuma goma. Iyakar ƙananan matakan da ake raba kowane firam da su, wadda injin ke zuwa da ita, ba ta kai nan ba, sai ka ɗaga ta da kanka. FLIP yana da haƙuri, yakan jure boksel biyu ko uku a mataki, don haka matakai huɗu ko biyar sukan wadatar a nan. Alamar ƙaranci ita ce ruwan ya riƙa yanke kwana da kusurwa, ko ya ratsa jikin kwalba.

Ka kuma sa ido a kan sake shuka ƙwayoyi, abin da injin ke yi don cike wurin da suka yi ƙaranci da rage inda suka yi yawa. A tafki yana da amfani ƙwarai. A siririn zare yakan ƙara ko ya rage jikin ruwan a hankali, kuma sababbin ƙwayoyin na iya zuwa da curveu da bai dace ba. Ka gwada da shi ka gwada ba shi, ka kwatanta adadin ƙwayoyi da lissafin mataki na uku.

Idan ka kunna riƙon saman ruwa, wato ƙarfin da ke sa ruwa ya dunƙule ya zama ɗigo, za ka ga zaren ya fara yin wuya-wuya sannan ya tsinke zuwa ɗigo. Ba kuskuren manhaja ba ne. Joseph Plateau ya nuna a 1873 cewa zaren ruwa ba ya zama lafiya idan tsawonsa ya haura kewayensa, wato kusan ninki uku na faɗinsa, Rayleigh kuma ya lissafa cewa tsinkewar ta fi saurin girma a tazarar kusan faɗi huɗu da rabi. Don haka riƙon saman yana gyara gefen ruwa ya yi sumul, amma idan ya yi yawa shi ne zai yanka maka zaren. Ɗan ƙarin kauri a ruwan, irin na zuma, yana jinkirta tsinkewar.

Mataki na bakwai: saki

Idan layi ya ƙare ƙarfin bai ƙare ba, wuri mafi kusa ga duk ƙwayar da ta wuce zai zama ɗigon ƙarshe, sai ruwan ya taru a can ya dunƙule yana juyawa. Ka ɗaure riko da curveu: cikakke har zuwa 0.85, daga nan ya gangara zuwa sifili a 1. A daidai wannan zangon ka dawo da jan ƙasa a hankali, ɗaya na sauka ɗaya na hawa. Da zarar ƙwaya ta haura 0.98, ka sa ta cikin rukunin waɗanda aka saka, ka cire wannan rukuni daga tuƙin gaba ɗaya, don kada wadda ta faɗo ta gefen kwalba ta sake kamuwa a zagayen ƙasa. Idan ana son fantsama a sama, ka ƙara hargitsi da kewaye a kashi goman ƙarshe, ruwan zai buɗe da kansa.

Kashe maɓuɓɓuga ma ba a yinsa farat ɗaya, in ba haka ba wutsiyar zaren za ta fito a yanke kamar an sare ta da wuƙa. Ka rage faɗin bututun zuwa sifili cikin firam shida zuwa takwas. Haka ma a farawa, ka buɗe shi cikin firam uku ko huɗu don goshin ruwan ya zo da ɗan tsini.

Lokacin ajiya, ka bar wa ƙwayoyin v, wato gudunsu, don da shi ake samun dishi-dishin motsi a renda, wato fitar da hoton ƙarshe, ka kuma bar curveu. Idan an lulluɓe su da fata ta Particle Fluid Surface, wannan lambar tana bin fatar, kuma da ita za ka iya canja launi daga farkon zare zuwa ƙarshensa, ko ka ƙara santsin fatar a tsakiyar hanya ka bar ta da kaifi a wurin fantsama, ba tare da ka sake kunna injin ba.